Tabarmar Goggo: an yi wa maƙwabciyata Kirista rasuwa, in shiga gaisuwa ko in zauna?

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena masu bibiyar wannan fili, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon da yawansu hanya ɗaya suka bi, wato yadda mutum zai zauna da wanda addininsu ko fahimtarsu ko asalinsu ba ɗaya ba, shi ya sa na tsinto huɗu daga ciki na haɗa su wuri guda. Kamar kullum ban sa sunan kowa ba sai unguwa, kuma na bar wa kowa maganarsa yadda ya rubuto ta. Waɗanda ba su ga nasu ba su ƙara haƙuri sai fita ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA TA FARKO, daga wata uwar gida a Mabera:

Goggo ina wuni ya gida ya yara. Ni matar aure ce gidan haya muke, ɗakina na kallon ɗakin wata mata 'yar ƙabilar Ibo Kirista, mijinta kayan gyaran babur yake saidawa. Wallahi Goggo matar ga ba ta taɓa ɓata min rai ba, ranar da naƙuda ta kama ni tsakar dare maigida ya tahi Illela ita ta buga ma mai keke waya, ita ta riƙa min jaka har asibiti ta kwana zaune bisa benci sai da na sauka lafiya. To shekaranjiya anka bugo mata uwarta ta rasu can garinsu, tun sannan take kuka mutanen cocinsu na ta shigowa. Na ɗauki hijabi zan shiga in yi mata gaisuwa sai ƙanen mijina da ke zaune wurinmu yac ce haramun ne ba a yi ma kafiri ta'aziyya, wai wanda duk ya so su da su za a tashe shi. Maigida bai ce komi ba shi dai yac ce in bari a tambaya. Yanzu laɓewa nake cikin ɗaki kar mu haɗu wurin famfo, kunya kamar in nutse. Mi ya kamata in yi, kuma in na shiga mi zan ce mata?

AMSA:

'Yata, ki nuna wa maigida wannan amsa tunda shi ya ce a tambaya, sannan ki ɗauki hijabin nan ki shiga yau ɗin nan, kar ki bari a kai gobe. Gaisuwar mutuwa tana da lokacinta, in ya wuce ko kin je daga baya abin ya riga ya zauna mata a rai cewa ranar da ta fi bukatar fuskarki ba ta gan ki ba.

Kin ga Allah da kansa ya raba mana wannan magana a Suratul Mumtahana aya ta 8, ya ce bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba, bai hana mu yi musu adalci ba. To matar da ta kwana a benci tana jiran ki haihu, a wane layi za a sa ta? Abin da aka hana daban ne, shi ne ka so kafircin mutum ko ka haɗa kai da masu yaƙar Musulunci. Hadisin da ƙanen mijinki ya jawo cewa mutum yana tare da wanda yake so, hadisi ne ingantacce ba wanda ya musa, amma ba nan ne wurinsa ba, don da haka ake fassara shi da Manzon Allah (SAW) bai je duba yaron nan Bayahude da ke yi masa hidima ba lokacin da ya kwanta ciwo, kuma ya je, ya zauna wajen kansa, Bukhari ya kawo. Haka nan an taɓa wucewa da gawa ta gabansa ya miƙe tsaye, aka ce masa ai gawar Bayahude ce, ya ce shin ba rai ba ce? Wannan yana cikin Bukhari da Muslim duka. Ni duk lokacin da na tuna wannan amsa tasa jikina sanyi yake yi, don bai tsaya dogon bayani ba, ya nuna musu cewa ɗan Adam yana da wata daraja da Allah ya ba shi tun kafin a zo maganar me ya yarda da shi. Suratul Isra'i aya ta 70 ma 'ya'yan Adam ta ce an karrama, ba ta ware wasu ba.

Ga kuma haƙƙin maƙwabtaka, wanda shi ma ba a tambayar addini kafin a ba da shi. Sahabi Abdullahi ɗan Amru an yanka akuya a gidansa, da ya dawo abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya maimaita tambayar, sannan ya kawo hadisin da Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Ke kuwa ba katanga ce ma ta raba ku ba, famfo ɗaya kuke ɗiba, igiyar shanya ɗaya.

Abin da za ki ce mata ba shi da wuya. Ki zauna kusa da ita, ki kama hannunta ki ce sannu, ya haƙuri, Allah ya ba ku haƙuri da dangana, Allah ya raya abin da ta bari. In Hausarta ba ta yi ƙarfi ba ki faɗa da duk harshen da kuka saba magana, ai kuka ba ya bukatar tafinta. Iyakarki guda biyu ce: ba za ki roƙa wa mamaciyar gafara irin yadda muke roƙa wa Musulmi ba, don Suratut Tauba aya ta 113 ta hana, kuma in mutanen coci suka tashi addu'arsu ko waƙoƙinsu sai ki yi sallama cikin mutunci ki koma ɗakinki, ba tare da yatsina fuska ba. Ita ma ta san ke Musulma ce, ba za ta jira ki yi waƙa tare da su ba, kamar yadda ke ma ba ki jira ta yi alwala ba ranar sunan ɗanki.

Kuma kar ki tsaya a baki kawai. Mai zaman makoki ba ta iya hura wuta, ki yi tuwo ko dafa-duka ki kai mata da kwano mai murfi, ki jawo yaranta ɗakinki su ci su yi wasa da naki, ki ɗebar mata ruwa. Tafiya ce mai nisa a gabanta daga nan zuwa kudu kuma su bikin binne gawa yakan ɗauke su lokaci da kuɗi, in kina da ɗan abin da za ki ƙulle ki ba ta na mota ki ba ta, ki ce ta tafi hankali kwance za ki sa ido a ɗakinta. Abu ɗaya nake so ki kiyaye, kar ki yi duk wannan da lissafin cewa tarko ne kike ɗana mata don ta musulunta. Shiriya ta Allah ce, in ya so ya sa halinki ya zama sanadi, alhamdu lillahi, in kuma ta mutu a kan addininta haƙƙin da take da shi a kanki na maƙwabtaka yana nan bai ragu ba.

Shi kuwa ƙanen mijinki kar ki tsaya cacar baki da shi, yaro ne mai kishin addini da karatu bai gama ratsa shi ba, maigida ya kai shi wurin malamin da yake ganin girmansa su buɗe littafi tare.

TAMBAYA TA BIYU, daga wani ɗalibi a Runjin Sambo:

Salam Goggo. Ni ɗalibi ne a jami'a. Babana ɗan Tijjaniyya ne tun tasowarmu, kullum suna wazifa a zawiyar unguwa ranar Juma'a da marece kuma zikiri. Ni kuma Allah ya fahimtar da ni sunna na daina bin su. Yanzu ba ni durƙusa mishi in zan gaishe shi don malaminmu ya ce ruku'u ga Allah kaɗai ake yi, kuma rannan na hwaɗa mishi gaskiya gaban abokanshi cewa abin da suke yi bidi'a ce ina ji mishi tsoron wuta. Tun ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba, innarmu kullum kuka take. Ni dai na san gaskiya ɗaya ce kuma ɗaci gare ta. Ya zan yi su gane?

AMSA:

Ɗana, ba zan raba gardamar Izala da ɗariƙa a nan ba. Tun 1978 da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ake wannan muhawara, kafin nan ma marigayi Sheikh Abubakar Gumi yana yi a Kaduna malaman ɗariƙa suna mayar masa, manyan malamai na kowane ɓangare sun rubuta sun yi wa'azi sun koma ga Allah ba a ƙare ba, ba a filin Goggo za a ƙare ba. Amma abin da ka yi wa mahaifinka wannan kam zan yi magana a kai, kuma ba zan ɓoye maka ba, ka yi ɓarna babba.

Mu ɗauka ma duk abin da ka faɗa daidai ne ɗari bisa ɗari. Babanka yana salla, yana azumi, yana cewa la'ilaha illallah dare da rana. Mahaifin Annabi Ibrahim gumaka yake bauta wa, shirka tsagwaronta wadda ba malamin da ya yi saɓani a kanta. To je ka buɗe Suratu Maryam daga aya ta 42 zuwa ta 45 ka ga yadda ya yi masa magana, sau huɗu yana cewa ya babana, ya babana, cikin lallashi da tausayi, kuma da uban ya ce zai jefe shi in bai bari ba, amsar da ya ba shi ita ce aminci ya tabbata a gare ka. A Suratu Lukman aya ta 15 Allah ya ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka kar ka bi su, amma a ayar nan ɗin dai bai ko canja numfashi ba ya ce ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Kai da wa ka yi koyi da ka tsaya gaban dattawan da suka ga ranar sunanka ka ce wa wanda ya haife ka kana ji masa tsoron wuta? Mutumin da ya sayar da abin hannunsa ya biya maka rajista, ka kwance masa zani a kasuwa, sannan kana mamakin ya daina amsa gaisuwarka. Ba gaskiyar ce ta yi masa ɗaci ba ɗana, wulaƙancin ne.

Kuma mu 'yan garin ga na Sakkwato bai kamata wannan ya zama baƙon darasi gare mu ba. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi wasu ɗalibai da suka ɗan taɓa ilimin tauhidi sai suka shiga bin talakawa suna yi musu tambayoyi, wanda duk ya kasa kawo hujjoji irin na malamai su ce kafiri ne. Shehu bai yaba musu ba, tsayawa ya yi ya yi ta rubuce-rubuce yana rushe wannan ra'ayi, yana kare imanin gama-garin Musulmi, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labarin haka. Wannan fa shi ne Shehun da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙar bidi'a, ba wanda zai ce sassauci ya yi masa yawa, amma ya san bambancin gyara da tozartawa. Shi kansa Baƙadire ne, kuma Alhaji Umaru Futi jagoran Tijjaniyya ya zauna a nan Sakkwato shekaru a zamanin Bello har aka ba shi 'yar Bello aure, bai bar garin ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Sun san suna da bambanci, bai hana su cin abinci a akushi ɗaya ba.

Maganar durƙuso kuwa, e, akwai malaman da suka hana sunkuyawa irin ta ruku'u ga mutum kuma suna da hujjarsu, ba zan ce ka saɓa abin da zuciyarka ta natsu da shi ba. Amma tsakanin ruku'u da tsayawa ƙiƙam a kan uba hannu cikin aljihu akwai fili mai faɗi. Ka cire takalmi, ka zauna ƙasa gefen tabarmarsa, ka sassauta murya, ka ce Baba ina kwana an tashi lafiya. Zama a ƙasa ba ruku'u ba ne a wurin kowane malami.

Ga abin da nake so ka yi. Ka samu baffanka ko wani aminin babanka da yake jin nauyinsa ya raka ka, kuma tunda a gaban mutane ka yi laifin to a gaban mutanen nan za ka ba da haƙuri. Ba cewa na yi ka ce ka koma wazifa ba, cewa za ka yi Baba na yi rashin ladabi ka yafe min. In ya kau da kai ka koma gobe, in ya ƙara ka koma jibi. Daga nan ka rufe bakin wa'azi a gidan nan tukuna, ka buɗe na hidima: cefane, kai shi asibiti, biyan kuɗin wuta in ka samu. Wani mutum ya zo wurin Annabi (SAW) zai yi mubaya'a a kan hijira ya ce ya baro iyayensa suna kuka, Annabi ya ce ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Hijira fa ake magana. To hawayen innarka ka fara sharewa.

Su ma iyaye ina roƙonsu, yaro in ya canja fahimta ba a korarsa ko a yi masa baki, a ja shi a jiki, ƙuruciya ce ke sa zafin nan kuma tana wucewa.

TAMBAYA TA UKU, daga wata budurwa a cikin gari:

Goggo don Allah ki taimake ni da shawara. Ina koyarwa a makarantar firamare, akwai wanda ke nemana shekara biyu ke nan, ya yi digiri yana aiki, ya sauke Alƙur'ani, unguwarsu kowa na yabon halinshi. Da anka tashi bincike sai baffana ya dawo yac ce a bar maganar don babanshi barunje ne, nama yake saidawa a kasuwa, wai mu gidan malamai ne Torankawa ba mu haɗa iri da rundawa. Babana ya rasu baffan ne waliyyina. Ban iya barci Goggo.

AMSA:

Allah sarki 'yata. Wannan ciwo ne da ya daɗe a ƙasar Hausa kuma mun fi son mu rufe shi da zani maimakon mu yi maganinsa. Mahauci, wanzami, maƙeri, majemi, baduku, sai a ce ba a ba su mata ba a aurar nasu, wani gidan ma har yau ana tono cewa kakan kakan wane bawa ne. Amma ranar suna da asuba wa ake aika wa? Mahauci da wanzami. Ranar layya duk malantar gida sai an jira mai wuƙa ya zo ya feɗe. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta yi suna har ƙasashen Turawa, ta hannun mahauta da majema da dukawa ta bi kafin ta kai can. Mu ci naman hannun mutum mu yi santi, sannan mu ce jininsa bai kai ya haɗu da namu ba, wallahi wannan ba adalci ba ne kuma ba addini ba ne.

Tunda baffanki ya ce gidan malamai ne, to da karatu za a je masa. Mu nan mazhabar Imamu Malik muke bi, kuma a mazhabar Malik abin da ake dubawa wajen dacewar miji da mata shi ne addininsa da kuma kuɓutarsa daga aibobin da ke hana zaman aure, ba a sa sana'a ko asali cikin sharaɗi ba. Wasu mazhabobin sun sa, tamu ba ta sa ba. Abu Hindu wanzami ne mai yin ƙaho, shi Annabi (SAW) ya ce wa ƙabilar Banu Bayada su aurar masa kuma su nemi aure a wurinsa, Abu Dawuda ya ruwaito. Faɗimatu 'yar Ƙaisu Baƙuraisha ce, manyan mutane biyu suka nemi aurenta, Annabi ya ce ta auri Usama ɗan Zaidu, ɗan 'yantaccen bawa, ta aure shi kuma ita da bakinta ta ce ta ga alheri. Annabi Dawuda sulke yake ƙerawa, Annabi Zakariyya kafinta ne. Suratul Hujurati aya ta 13 kowane ɗan makarantar allo ya haddace ta, an yi mu dangi dangi ƙabila ƙabila don mu san juna, mafi daraja a wurin Allah shi ne wanda ya fi tsoronsa. Karanta ta ba ya mana wuya, sai an zo neman 'yarmu.

Amma ki ji da kyau, kar ki ce za ki bi ta ƙarfi, kar ki gudu, kar ki ɗaga wa baffanki murya ko ki kai shi Facebook, don shi ma tsoron bakin dangi ne ke cinsa ba ƙinki yake ba. Ki samu innarki da goggonninki ku yi magana ta mata tukuna, a samu wadda baffan ke jin kunyarta. Sannan a nemi limamin unguwa ko malamin da shi baffan ya yi karatu a wurinsa ya same shi shi kaɗai a zaure, ba cikin taro ba, don dattijo ba ya son a ga ranar da ya janye magana. Shi ma yaron ya turo manyansa masu kamala su zo da girmamawa. Shari'a ta ba alƙali ikon shiga in waliyyi ya hana mace mijin da ya dace ba da dalili ba, wannan haƙƙinki ne yana nan, amma ki bar shi can ƙarshe bayan duk ƙofofin gida sun rufe, don aure ne za ki yi kuma za ki bukaci dangi ranar daɗi da ranar wuya. Ki yawaita istihara, ki ci abinci, ki yi barci.

TAMBAYA TA HUƊU, daga wani magidanci a Dambuwa:

Goggo barka da aiki, ni Kirista ne amma ina karanta filinki. Ɗan asalin Zuru ne ni, nan Sakkwato anka haife ni, gyaran waya nake yi kuma yawancin masu kawo min aiki Musulmi ne muna zaman lafiya. Da azumi ko ruwa ba ni sha a shago don girmamawa. Abin da ke damuna yaran unguwa na bin 'ya'yana suna ce musu arna arna har ƙaramar ta ce ba ta ƙara fita. A wajenmu kuma in wani ya zagi Musulmi na hana sai a ce na zama nasu. Wani lokaci sai in ji kamar ba ni da wuri.

AMSA:

Ɗana sannu, kuma na gode da ka ɗauki filin nan naka, don naka ne. Kana da wuri. Zuru cikin jihar Sakkwato take har 1991 da aka cire Kabi, kai kuma nan aka yanke maka cibiya, ba wanda ya fi ka zama ɗan gari. Abin da kake yi da azumi ba wanda ya wajabta maka, halin girma ne, kuma hana zagi da kake yi a cikin naku shi ne aikin da ya fi wuya, don tsawata wa na gida ya fi tsawata wa bare nauyi. Kar ka bari.

Iyaye Musulmi da ke karanta wannan, da ku nake. Yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan kira, a tsakar gida yake jin sa, a bakin uwa ko uba. Yarinya ƙarama ta ji tsoron leƙa ƙofar gidansu saboda 'ya'yanmu, wannan abin kunya ne gare mu. Allah ya hana jifan juna da miyagun sunaye a Suratul Hujurati aya ta 11, kuma a Suratul An'am aya ta 108 ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kar su rama da zagin Allah cikin jahilci. Ai mun san wasa tsakanin ƙabilu, Bagobiri da Bayarabe, Bafillace da Babarbare, su yi ta tsokanar juna a rabu ana dariya saboda kowa ya san iyaka kuma kowa ya yarda da wasan. Wanda ɗaya ke dariya ɗaya ke kuka ba wasa ba ne.

Duk wanda ke garin ga a watan Mayu na 2022 ya ga inda taɓa abin da mutane ke girmamawa da kuma ɗaukar doka a hannu ke kai al'umma, an kashe wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW), an yi ƙone-ƙone, an sa dokar hana fita, kuma Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi Allah wadai da kisan. Ba wanda ke son a maimaita. Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar tare da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa suke jagorantar majalisar tuntuɓar juna ta addinai da aka kafa tun 1999, suna zama teburi ɗaya ba wanda ya bar addininsa. In manya sun iya, mu ma a unguwa za mu iya.

Kai kuma kar ka kama yaran da kanka ko ka yi musu tsawa, abin sai ya juya. Ka samu maƙwabci Musulmi guda da kuke mutunci da shi ya raka ka wurin iyayensu bayan la'asar lokacin da magidanta ke zaune ƙofar gida, ku yi sallama ku gaisa, ka faɗi abin da ke faruwa cikin sanyin murya ka ambaci halin da ƙaramar ke ciki. Mafi yawan iyaye kunya za su ji su tsawata a take. In an samu mai taurin kai sai ku wuce wurin mai unguwa, ku roƙi liman ma ya taɓo maganar bayan sallar magariba ba tare da kama suna ba. Ka rubuto min yadda kuka yi, ka kuma gaishe min da 'yar autar.